Jinkar Ɗakin Mai Takaba

Ranar da Ummuhani ta cika wata uku cikin takabar mijinta Mamuda, ranar Datti ya fara sallamar mutanen gidan. Bai kori kowa da faɗa ba. Datti ba ya faɗa. Mutum ne mai sanyin murya, irin wanda zai raba ka da rigar wuyanka kana yi masa godiya. Ɗaki ɗaki ya bi yana ba da haƙuri, yana cewa wani uzuri ne ya taso. Kafin mako ya zagayo, 'yan ƙodago biyar da ke haya a gidan sun naɗe tabarminsu sun watse cikin Hunkuyi, kowa ya nemi inda zai raɓa. Ɗaki ɗaya ya rage da mutum a ciki, na ƙuryar gida, inda Mamuda ya cika.

Uzurin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Gidan ba na Datti ba ne, na Malam Ashafa ne, wani mai fataucin goro da ya koma Zariya shekara bakwai da suka wuce. Aro ya ba Datti a gaban shaidu: ya zauna da iyalinsa, ya riƙa yaɓe kada gida ya zama kango, amma ban da haya. Sai yaƙin Turawa ya sa sukari ya yi wuya, mazarƙwaila ta zama abin nema, baƙi suka cika gari suna aikin rake. Datti ya dubi ɗakuna shida a zube ba kowa, ya ga ai asara ce a bar wa ɓeraye, ya gyara su ya zuba 'yan haya. Shekara huɗu yana ci ba ƙaiƙayi, har wani ya kai wa Malam Ashafa labari. Yanzu saƙo ya iso cewa mai gida yana tafe, kuma ba gaisuwa ce za ta kawo shi ba.

Ummuhani ba ta da inda za ta, ko da kuwa tana da shi ba ta da halin tafiya. Mai takaba a ɗakin da miji ya bar ta take kwana, har wata huɗu da kwana goma su cika, ita kuwa ta riƙe abin da hannu biyu. Shekara shida suka yi da Mamuda, Allah bai ba su haihuwa ba, bai taɓa goranta mata ba. Sanƙarau ya ɗauke shi cikin kwana biyu, ko jinyar kirki ba ta samu ta yi masa ba. Wannan zaman shi ne abu ɗaya da ya rage a duniya wanda za ta iya yi masa, kuma ta ƙudurta ba za ta rage masa ko kwana guda ba. Ta bar kwalli, ta bar kitso, ta duƙufa kan kaɗi. Iya Mero, wata tsohuwa mai daddawa da katanga ta raba su, ita ke kai mata zaren kasuwa ta auno mata dawa.

Datti ɗan baffan Mamuda ne, saboda haka da hantsin wata Talata ya zo ya durƙusa a bayan asabarin ƙofarta kamar mai ƙara ta'aziyya.

"Ƙanwata, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Yaya."

"Allah ya jiƙan ɗan'uwana, ya sa ya huta. Dama tunani na yi, ko za ki ƙarasa 'yan kwanakin nan a wajen danginki a Malikanci? Ni zan nemo jaki."

"Wa ya rage mini a Malikanci, Yaya? Saura kwana talatin da uku. In sun cika, ko ba a ce mini ba zan fita."

Ya gyara zama. "To shi ke nan. Amma in mai gidan ya zo ya tambaya, ki ce zaman zumunci kuke yi. Ɗan'uwana ne, na ba shi ɗaki saboda Allah. Ai haka kowa ya sani."

Haka kowa ya sani, wannan kam gaskiya ne. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, kaka guda cur Mamuda ya yi a bakin tukunyar mazarƙwailar Datti yana dafa ruwan rake ba lada, a bakin hayar ɗakin nan ta shekara. Abin kunya ne a ji ɗan'uwa yana karɓar haya a hannun ɗan'uwa, don haka Mamuda ya rufa wa wansa asiri. Duk wanda ya tambaya sai ya ce taimaka wa Yaya yake yi. Ummuhani ce kaɗai ta san zancen, ita da ke shafa masa man shanu a ƙunar hannu duk yamma.

Ta ce, "Yaya, marigayi ya biya ɗakin nan har kaka mai zuwa. Da fatar hannunsa ya biya."

"Wa ya ce bai taimaka ba? Taimako ne irin na 'yan gida ɗaya. Kada baƙin ciki ya sa ki riƙa juya magana."

"Ba zan kai ƙararka ko'ina ba. Amma ba zan yi ƙarya ina cikin takaba ba."

Datti ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa, ya yi mata addu'a mai tsawo sannan ya tafi.

Daga ranar abubuwa suka fara ɓacewa. Gugan rijiya ya ɓace, aka ce igiyar ce ta tsinke. Turmi ya koma cikin ɗakin matar Datti, aka ce ruwa ke ɓata shi. Dokin da ke juya injin matse rake, wanda tun da aka saye shi a bayan gida yake kwana, aka kafa masa turke dab da ƙofarta, aka ce can baya akwai macizai. Ƙuda suka cika mata ɗaki, fitsarin doki ya riƙa gangarowa ta ƙarƙashin asabari. Ba wanda ya ɗaga mata murya ko sau ɗaya. Kullum da safe Datti sai ya tsaya ya tambayi lafiyarta.

Malam Ashafa ya iso bayan mako biyu, ya zaga gidan, ya ga murhu shida da baƙin hayaƙi a ɗakuna shida, bai ƙara tambayar kowa komai ba. Ya nemo biyu daga cikin 'yan ƙodagon da aka sallama, ya wuce Makarfi ya kai ƙara gaban alkali. Ashe ma ya riga ya yi cinikin gidan da wani mai awon auduga, so yake a ba shi abinsa ba kowa a ciki. Sammaci ya zo guda biyu, ɗaya na Datti, ɗaya na matar da ke ƙuryar gida.

Hankalin Ummuhani ya tashi. Ta aiki Iya Mero wajen liman, tsohuwar ta dawo da amsa biyu. Ta farko, mai takaba tana iya fita da rana in lalura ta kama, muddin za ta dawo ta kwana a ɗakinta. Ta biyu, macen da mijinta ya biya haya kafin ya rasu, ba mai fitar da ita sai ta cika kwanakinta. Wannan ta biyun ita Ummuhani ta ƙulle a zuciyarta. Da assalatu suka kama hanya ita da Iya Mero a ƙasa, saura kwana goma sha takwas.

Shari'ar Datti ba ta ɗauki lokaci ba. 'Yan ƙodagon nan biyu suka faɗi abin da suka sani, shaidun aro suka faɗi nasu, Datti ya ce shi dai tausayin baƙi ne ya ja masa. Sannan alkali ya juyo wajen matar da ke durƙushe a gefe, lulluɓe da tsohon zane.

"Ke kuma da wace hujja kike zaune a gidan mutum?"

"Allah ya gafarta Malam, takaba nake yi. Marigayi ya biya hayar ɗakin har kaka."

"Wa aka biya?"

Tun da take ba ta taɓa ambatar laifin dangin miji a gaban maza ba. Ta ce, "Yayansa." Ta faɗi yadda aka yi, har da abin da liman ya ce.

Alkali ya ce, "Maganar liman gaskiya ce, amma sai in mai gida aka biya. Wanda aka ba aro da sharaɗi ba shi da abin da zai ba da haya. Ba ki da haƙƙi a kan Ashafa. Haƙƙin mijinki yana wuyan Datti, in kina da shaida."

"Ba ni da shaida sai Allah. Marigayi ɓoyewa ya yi."

"Datti, ka ji. Ka karɓi aikinsa a bakin haya?"

"Allah ya gafarta Malam, ƙanena ne. Yaya za a yi in karɓi haya a hannun jinina?"

"Za ka rantse?"

"Zan rantse."

Aka tashi za a ɗauko Alƙur'ani. Ummuhani ta ga da gaske mutumin nan alwala zai yi ya dafa. Duk abin da ya yi, kakansu ɗaya da Mamuda, kuma ta ji yadda masu rantsuwar ƙarya ke ƙarewa. Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, kada a ba shi. Ba na son ɗan'uwan marigayi ya halaka ta dalilina. Ni ba lada na zo nema ba. Kwana goma sha takwas nake roƙo."

Alkali ya daɗe yana kallon Datti, Datti yana kallon ƙasa. Sannan ya juya ga Malam Ashafa ya ce shari'a ba ta tilasta masa ba, amma yana roƙonsa. Malam Ashafa ya ga idon jama'a a kansa, ya ce shi bai hana ba, ta cika kwanakinta. Aka yanke cewa Datti ya kwashe duk abin da yake nasa ya bar gidan cikin kwana uku.

Ummuhani ta fito tana hamdala, ba ta san ta yi saurin godiya ba. Datti ya hau kekensa ya yi gaba. Su kuwa tun kafin su yi rabin hanya hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da suka iso rafin da suka tsallake da safe ruwa iya ƙauri, suka tarar ya cika ya batse yana jan itatuwa. Ummuhani ta tattare zane za ta faɗa, Iya Mero ta riƙe ta da ƙarfin da ba a zaci tana da shi ba. Wata mata a ƙauyen bakin rafin ta sauke su. Ummuhani ba ta yarda ta sa haƙarƙarinta a ƙasa ba, a zaune gari ya waye mata, wai don kada a kira shi kwana.

Da azahar suka shigo Hunkuyi. Suna karyo kwanar unguwarsu suka yi kaciɓis da jinkar ɗaki tana tafe a tsakiyar hanya, maza takwas a ƙarƙashinta, ƙafafunsu kawai ake gani. Datti yana gaba yana nuna musu inda za su kauce wa taɓo. Ummuhani ta gane ta tun daga nesa, don ga tsumman da Mamuda ya cusa a inda take yoyo yana reto.

Iya Mero ta sha gabansa. "Datti, jinkar wa ka ɗauko?"

"Tawa ce, Iya. Alkali ya ce in kwashe nawa in fita, a gabanki aka yi. Lokacin da na karɓi gidan nan ɗakunan a buɗe suke. Ni na yanko shuci, ni na sayi gora, ni na biya masu baibaya. Duka shidan na ɗauke, ban ware nata ba."

"Da mutum a ciki?"

"Ai ba kowa a ciki. Jiya na duba har magariba, ba ta dawo ba. Na ɗauka tunda ta kwana a waje ta sauke takabar ke nan." Ya juya wajen Ummuhani, murya a sanyaye. "Ki yi haƙuri, ƙanwata. Kayanki suna nan, ban bari an taɓa ko tsinke ba."

Ta wuce, ta shiga gidan, ta shiga ɗakin. Bango ne zagaye da sama a buɗe, ga gadon kara, ga tukunya, ga audugarta a cikin ƙwarya. Ta zauna a inda ta saba zama. Saura kwana goma sha bakwai, kuma ana tsakiyar marka.

Iya Mero ta bi gari da ƙafarta, ta dawo da uzuri iri iri, kowanne da kamar gaskiya a jikinsa. Mai unguwa ya ce al'ada ce tun kakanni, mai tashi yana tashi da jinkarsa, ba shi da bakin hana mutum kayansa. Malam Ashafa ya riga ya hau jirgi a Gimi, wakilinsa ya ce alkawarin zama aka yi, ba a yi alkawarin rufi ba. Masu baibaya suka ce ina za a samu busasshen shuci a tsakiyar damina, ɗanye kuwa ruɓewa zai yi. Wani ya ce bai dace maza su shiga wajen mai takaba ba, shi kuwa yana cikin takwas ɗin da suka shiga suka ɗauko jinkar. Wani ya ce rigimar dangi ce, bare ba ya sa baki. Abin da ba wanda ya faɗa shi ne, kaka tana tafe, kuma rabin mazan unguwar a injin Datti suke samun na tuwo.

Tsohuwar ta ciro zana ɗaya daga dangar bayan gidanta, su biyu suka jingina ta a bango suka yi 'yar rumfa wadda mutum zai takure a ciki. Kwana biyu zanar ta yi ta jiƙe ta lotsa. Auduga ta sha ruwa, kaɗi ya tsaya. Wuta ta ƙi kamawa a murhu, sai abin da Iya Mero ta miƙo a rufe da faifai. Ruwa ya kwanta a tsakar ɗakin, daɓen ya narke ya zama taɓo, kwaɗi suka samu wurin zama. Ummuhani ta koma kan gadon kara, ta kifa babbar ƙwarya a ka in ana ruwa, in an ɗauke ta matse zanenta ta mayar a jiki. A kwana na shida tari ya kama ta. A na tara bangon gabas ya zube rabi, masu wucewa ta bayan gida suna hango ta suna kau da kai.

Liman, da ya ji abin ya kai haka, ya aiko da cewa littafi ya yarda ta tashi, wannan lalura ce, ba ta da zunubi. Iya Mero ta kawo saƙon tana kuka.

"'Yar nan, ki taso mu tafi ɗakina. Malam ya ce ya halatta. Katanga ɗaya ce tsakani, Allah yana gani."

"Iya, na riga na ci wa marigayi kwana ɗaya a bakin rafi."

"Ba ke kika ci ba, ruwa ne."

"Ko ma wa ya ci. In na fita yanzu, maganar Yaya ta tabbata ke nan, cewa alfarma aka yi mana, aka ga dama aka janye. A nan marigayi ya bar ni, Iya, kuma ya biya." Tari ya sarƙe ta, ta daɗe kafin ta samu numfashi. "Saura nawa?"

"Bakwai."

"Ki ƙara mini ɗaya, na bakin rafi."

Tsoro take ji, kada a ɗauka ba ta ji. Duk sanda hadari ya taso sai ta riƙa kallon sauran bangon tana jiran ya faɗo mata. Wani lokaci takan kira Mamuda a zuci ta ce ya yafe mata in ta kasa. Zazzaɓi ya riƙa zuwa yana tafiya da hankalinta, in ya dawo mata da shi tambayarta ɗaya ce, saura nawa. Datti kuwa bai yi fushi ba. Daga sabon gidansa ya aiko da ƙullin sassaƙen maganin tari, ya ce a gaishe ta da jiki.

Ranar da kwanakin suka cika har da na bakin rafi, matan unguwa suka zo yi mata wankan fita takaba kamar yadda aka saba, da sabon zane da turaren wuta. Suka same ta a takure a kan gadon, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya miƙewa. Ta buɗe ido ta nemi Iya Mero.

"Sun cika?"

"Sun cika, 'yar nan. Har da ƙari."

"To ku fitar da ni. Gidan mutane ne."

A cikin zane suka ɗauke ta su huɗu. Wakilin Malam Ashafa yana tsaye a zaure da mai awon auduga, suna jira a fita su duba gidan. Ya matsa gefe ya ba su hanya, har ya ce Allah ya sawwaƙe.

Kwana biyar ta yi a ɗakin Iya Mero, a busasshiyar shimfiɗa, ranar Alhamis da hantsi ta cika. Kafin azahar unguwa ta hallara, ba wanda ya kawo uzuri. Datti ne a sahun gaba, shi ke karɓar gaisuwa, tunda shi ne dangi mafi kusa. Da aka sa ta a kabari aka nemi abin rufi, nan da nan aka samu. Mai unguwa ya aika aka saro itace masu ƙwari, aka jera su a kanta ɗaya bayan ɗaya. Masu baibaya suka shimfiɗa ciyawa suka toshe ko'ina, sannan aka bi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Hadari yana haɗowa, maza suna ta sauri, Datti ya durƙusa a gefen ramin yana dubawa da kyau. Ya nuna wata 'yar kafa ta wajen kai, ya ce a ƙara ciyawa a nan, kada ruwa ya shigar mata.